Ranar da Na Zama Ciyaman a Kwance

Ba zan taɓa mantawa da kujerar hedimastanmu ba, ko da zan manta da komai na ƙuruciyata. Har yau idan na je Kebbe, tsofaffin da suka rage Ciyaman suke ce mini, yaran yanzu kuma sai su riƙa rusunawa, a zatonsu na taɓa riƙe wani babban muƙami. Ban taɓa shugabantar ko taron suna ba. Na daɗe ina barinsu a cikin duhu don ina jin daɗin gaisuwar, amma tsufa ya zo, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa ya ƙara gishiri.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tattara nasu-ya-nasu su tafi. Ni kuwa saurayi ne, sabon malamin elementare a Tambuwal, na gama karatu a Sakkwato na dawo da keke da alƙalami a aljihun gaba (ko babu tawada a ciki sai na soka shi, don a gani). A lokacin ji nake idan aka cire Razdan, babban Baturen mulki, duk lardin babu wanda ya kai ni sani. Yara su ce Malam, iyayensu su ce Malam, mai nama a kasuwa ya ce Malam ya ƙara mini tsoka. Mutum ɗaya ne tak a duniya bai taɓa kirana da wannan suna ba, kuma shi ne wanda na fi so in ji daga bakinsa.

Kawu Ummaru ke nan, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a Kebbe tun rasuwar mahaifina. Manomi ne mai shanu, ya yi karatun littattafai daidai gwargwado, ba shi da yawan magana, dariyarsa kuwa sai ka shekara ba ka ga haƙorinsa ba. Ba shi ya kai ni boko ba. Daga gidan hakimi aka zo neman yara aka haɗa da ni, ya haƙura don babu yadda zai yi, amma bai taɓa yafe wa boko ba. A wurinsa malam shi ne wanda ya durƙusa gaban malamai ya sauke littattafai. Ni kuwa sunana ɗan boko. In na zo hutu in gaishe shi, ya ce, "Ɗan boko, an zaka?" In zan koma ya ce, "Ɗan boko, a sauka lafiya." Yana ƙaunata, wannan ban taɓa shakka ba, don shi ya sayar da bijiminsa ya yi mini kayan tafiya Sakkwato. Amma abin yana ci mini rai ƙwarai, ina dariya a fuska ina jin zafinsa a ciki.

Ran nan, ranar kasuwar Tambuwal, sai ga wani mutumin Kebbe mai sayar da man shanu ya same ni a makaranta da saƙon Kawu. Wai Turawa sun ce a kafa kwamitin da zai kula da rijiyoyi da mashayar shanu, mutanen gari sun haɗu sun zaɓi Kawu ya shugabance shi, an kuma ce sunan mai wannan aiki ciyaman. Ƙaramin Di'o, Baturen da ke duba ƙasarmu, zai zo rangadi ƙarshen mako ya gana da kwamitin. Kawu kuwa ya kafe, ya ce ba ya karɓar sarautar da bai san asalinta ba.

Mai man shanu ya ce, "Ya ce ya san asalin Magaji, ya san asalin Ubandawaki, amma wagga ta Turawa bai sani ba ko sunan wani gunki na. In bokonka ya kai nan, ka zaka ka faɗa mai. In bai kai ba, su nemi wani su ba."

Na ji kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Yau ga Kawu da kansa yana neman abin da ke cikin kaina. Kuma Allah ya taimake ni na san amsar, don wani Bature da ya koyar da mu a Sakkwato yana da son tonon asalin kalmomi, ya taɓa ɓata mana rabin darasi a kan wannan. Ya ce ciya ita ce kujera, man kuwa mutum, wato mutumin kujera. A ƙasarsu can da, kujera abar girma ce, ba kowa ke samunta ba. In an yi taro jama'a kan benci suke zama, babban taron shi kaɗai ake ajiye wa kujera, har sunan ya bi shi. Kalmar kujerar ma ba tasu ba ce, wajen Faransawa suka aro, Faransawa suka gada daga Rumawa, Rumawa suka ɗauko daga Yunanawa.

Da na tsaya a nan da na zauna lafiya. Amma sai zuciya ta ce mini, ai bayani da baki kowa ma ya iya, malamin ƙwarai da kayan aiki yake koyarwa. Ciyaman babu kujera ai doki ne babu sirdi. Dole in kai wa Kawu kujera, in ɗora shi a kai gaban jama'a, ya san boko ba wasa ba ne.

To, ina kujera a Tambuwal ta wancan lokaci? Makarantarmu benci ne da tabarmi. Hedimasta ne kaɗai yake da wata da ya saya wajen wani falke da ya fito daga kurmi, ta katako ce da zane mai ratsi-ratsi, ana naɗe ta a buɗe ta, yana zama a kai bayan la'asar a ƙofar gidansa. Ban taɓa zama a kanta ba, wa ya isa. Na je na roƙe shi, ya ba ni da kyakkyawar zuciya. Na tuna yana yi mini wani bayani game da 'yan matakan da ke bayanta, ni kuwa ina ta "to, to" ina ɗaure ta a keke, hankalina ya riga ya isa Kebbe. Na biya ta wajen abokina malamin asibiti na ari babbar rigarsa mai aska (ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, amma na ce girman riga ai girman mai ita ne).

Hanyar Kebbe yashi ne, rabin tafiyar ni na ɗauki keken maimakon ya ɗauke ni. A wani ƙauye wata tsohuwa ta ga katako da zane a bayana, ta ajiye tulunta ta yi salati, ta tambaye ni wa ya rasu. Makara ta zata. Na yi mata bayanin Yunanawa a tsaye cikin rana, ta ce Allah ya jiƙansu.

Na isa da yamma na tarar da Kawu a zaure. Bayan gaisuwa ya ce, "To, ɗan boko, ga mu mu biyu. Mi a asalinta?"

Ka ga mutum mai hankali, ya ba ni dama in faɗa masa a asirce, in da kuskure ya tsaya a zaure. Ni kuwa na ce a'a, Kawu, magana ce babba, gara a bari sai gobe kowa ya amfana. Gaskiyar ita ce ba na son in kashe wannan sani a gaban mutum ɗaya da akuya. Ya dube ni, ya dubi abin da ke naɗe a bayan keke, ya ce, "Allah shi kai mu."

Da hantsi aka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidan hakimi. Hakimin ya tafi Sakkwato, wakilinsa ne yake zaune kan darduma. Ga liman a kan buzunsa, tsoho tukuf, shi ya karantar da Kawu tun yana yaro. Ga arɗon Fulani da malafarsa da sandarsa, ga sauran 'yan kwamiti, ga mutanen gari sun yi da'ira, takalma can nesa a jere. Kowa a ƙasa yake, kamar yadda aka saba, babu wanda kansa ya ɗara na wakili. Na san wannan sarai, a cikinsa aka haife ni, amma ran nan boko ya rufe mini ido.

Wakili ya ba ni izini. Na miƙe ina jan riga a ƙasa, na gyara murya, na fara. Wallahi ko yanzu in na tuna, bayanin ya yi kyau. Na raba kalmar biyu, na kai su ƙasar Turawa ta da, na zaunar da talakawa a benci, na ɗora babba a kujera. Da na zo kan aron da aka yi daga Faransawa har zuwa Yunanawa, arɗo ya ce, "Ashe su ma aro su ka yi." Aka yi dariya. Liman ya gyaɗa kai ya ce ai Larabawa ma haka suke, babban malami kan kursiyyu yake zama ɗalibai na ƙasa, abin ba baƙo ba ne.

Kawu ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ashe ba gunki ba na. Alhamdu lillahi. In haka na, na karɓa."

Ka ji fa. Aiki ya ƙare, na ci nasara, saura in koma gefe in zauna in jira abin da zai biyo baya. Sai na ce, "Saura abu ɗaya." Na je na kwanto kujera na kawo tsakiyar fili, na ce tunda asalin kalmar ke nan, ciyaman bai cika ciyaman ba sai ya hau. Kawu, bisimilla.

Fuskar Kawu ta canja. Ya ce a hankali, "In hau bisa, liman na ƙasa? Shi yak koya mani alif. Mai da abinka."

Na ce ai ba raini ba ne, ƙa'ida ce. Ya ce ya ji, in mayar. Na ɗauka tsoronta yake ji, irin na mutumin da bai saba ba (dubi ƙarfin hali, ni da ban taɓa hawanta ba). Na ce babu wuya, Kawu, bari in nuna maka yadda ake yi. Na buɗe ta da ƙyar, na ga 'yan matakan nan na baya, na ce a raina babban mutum ai matakin ƙarshe ya dace da shi, na sa sandar da ke tokare ta a can. Na juya, na tattara riga, na zauna da ƙarfina irin zaman masu mulki.

Kujerar nan ba ta karye ba. Da ta karye da ya fi mini sauƙi, sai a ce tsautsayi. Haɗiye ni ta yi. Na tafi baya, na ci gaba da tafiya, har sai da na ga rassan tsamiya da sararin sama. Gwiwoyina suka taso sama da kaina, hulata ta zamo ta rufe ido ɗaya, tafin ƙafafuna biyu kuwa suka miƙe sak suna duban fuskar liman. Ashe kujerar shan iska ce, matakin ƙarshe kuma na barci ne. Na yunƙura in tashi, sai na ji an riƙe ni ta baya. Rigar aro ta shige tsakanin katako biyu, nauyina ya datse ta. In na yunƙura sai in ƙara nutsewa.

Babu wanda ya yi dariya, don ba a san ko haka ake yi ba. Na ji wani daga baya yana tambayar na kusa da shi a hankali, "Haka ciyaman ka zama kullum?"

Ana cikin haka sai ga ƙugin mota. Dogari ya sheƙo ya ce Bature ya iso. Wakili ya miƙe, liman ya dafa sanda ya miƙe, kowa ya miƙe. Duk faɗin filin nan mutum ɗaya ne bai tashi ba.

Ƙaramin Di'on yaro ne, bai fi ni shekaru ba, sabon zuwa, rana ta mai da shi ja wur, Hausarsa ta littafi ce amma ana ganewa. Ya gaisa da wakili, ya gaida liman, sannan ya ce, "Ina ciyaman?" Kafin wani ya buɗe baki ya waiga, ya ga taro a tsaye da mutum guda a kan kujera cikin babbar riga. Me kake so ya zata? A ƙasarsu aka ƙirƙiro abin. Ya nufo ni kai tsaye, ya sunkuyo ya kama hannuna ya girgiza.

"Sannu, ciyaman. A'a, kada ka tashi."

(Allah ya saka masa, shi ne umarnin Bature na farko da na bi ba tare da wahala ba.)

Masinjansa ya kawo tasa kujerar ya dasa kusa da tawa. Ya zauna a miƙe, ni ina kwance, jama'a suka koma ƙasa. Ya ce ya yi murna da Kebbe ta zaɓi saurayi mai ilimi. Na buɗe baki in ce ba ni ba ne, bai ba ni dama ba. Sai ya shiga tambaya: rijiyoyin gari wanne hali suke ciki, waɗanne suka rufta, ina shanu suke sha in rani ya tsananta? Ni da na bar Kebbe tun ina yaro, rijiyar da na sani ita ce ta bayan gidanmu, ita ma don na taɓa jefa guga a ciki an dake ni. Na karkato da ido ɗayan da hula ta bar mini na nemi Kawu.

Kawu yana zaune kan buzunsa, fuskar nan babu alamar komai. Ya ce, "Ranka shi daɗe, tun da hantsi shi ka karantar da mu, ya ce wanda ag ga kujera shi na ciyaman. To ga shi ga kujera. Shi amsa."

Na ga arɗo ya jawo malafa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Bature yana jira da murmushi. Kaina ya ɗauki zafi, duk Yunanawa da Rumawa suka watse suka bar ni. Dole in ce wani abu, sai bakina ya kama hanyar da ya saba tun yarinta in babba ya tambayi mutanen gida. Na ji kaina ina cewa, "Rijiyoyin suna nan lafiya lau, ranka ya daɗe. Suna gaisuwa."

Arɗo ne ya fara fashewa. Wakili ya sa hannun riga a baki, bai yi amfani ba. Liman, tsohon da ake jin kunyar yin tari a gabansa, dariya yake yi har da hawaye. Bature ya duba nan ya duba can, yana neman wanda zai gaya masa ko Hausarsa ce ta gaza. Ni kuwa na ce yau ko mutuwa ko tashi. Na tattara ƙarfina na wuntsila gefe, na dafa ƙasa na miƙe, kujera ta miƙe tare da ni. Ta naɗe kanta ta rataya a bayana, na juya ta juya, rigar malamin asibiti ta ce ɓarrr tun daga kafaɗa. Na tsaya a tsakiyar garinmu, gaban duk wanda ya san ni tun ina yawo babu wando, da kujera a goye. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Sai na ji hannu a bayana. Kawu ne ya taso da kansa. Ya buɗe katakon a hankali, ya zare rigar, ya gyara mini hula kamar yadda yake yi mini ranar sallah ina ƙarami. Sannan ya juya ga Bature.

"Ranka shi daɗe, ni na anka zaɓa. Wanga ɗana na, malami na can Tambuwal. Ni nic ce ba ni karɓa sai na ji asalin sunan, shi yaz zaka yab bayyana mani, kuma na gamsu, liman ya gamsu. Kujera kau, sabon doki ba a ba tsoho shi sai yaro ya hau an ga halinai. To mun gani."

Aka sake kwashewa da dariya, har da Baturen wannan karo, kunnuwansa sun fi fuskarsa ja. Kawu ya koma kan buzunsa, daga nan ƙasa ya amsa duk tambayoyin, rijiya bayan rijiya, har aka tashi. Ban ji ko ɗaya ba. Ina can gefe na dafe yagaggiyar riga, kalma ɗaya ce take ta yawo a kunnena. Malami na, in ji Kawu. Amma sai na ce wa kaina kada ka yi saurin murna, gaban baƙo ne, rufin asiri ya yi maka, in an koma gida ɗan boko za ka koma.

Muka kamo hanyar gida, yana gaba ina biye, kujera a hammata. Muka shiga lungunmu, inda babu kowa. Nan ya tsaya ya dafa katanga. Na zaci jiri ne ya ɗebe shi, na matso da sauri, ashe dariyar da ya danne tun hantsi ce ta ci ƙarfinsa. Kawu Ummaru, wanda ban taɓa ganin dasashinsa ba, ya yi ta yi har rawaninsa ya kwance, yana cewa, "Suna gaisuwa. Wai suna gaisuwa." Tun ina ɓata rai har na sa baki muka yi tare. Da ya samu numfashi ya share ido da gefen rawani, ya dube ni ya ce, "Malam, ɗauko dokinka mu shiga, fura na jira."

Babu Bature a lungun nan, babu wakili, babu wanda za a rufa wa asiri. Na sunkuyar da kai na bi shi, ina godiya ga hular da ta sake zamowa ta rufe mini ido.

Kawu ya riƙe kwamitin nan shekaru a kan buzunsa, bai taɓa hawa kujera ba, kuma bai sake ce mini ɗan boko ba har ya koma ga Allah. Sai dai duk zuwan da zan yi, bayan ya tambayi iyali da makaranta, sai ya ƙara da cewa, "Malam, rijiyoyi fa? Suna gaisuwa?" Mutanen gari kuwa suka liƙa mini Ciyaman, ya bi ni har tsufa. Malamin asibiti ya karɓi rigarsa da ɗinki a baya, bai sake ba ni aron ko allura ba.

Bayan Turawa sun tafi na ga ciyamomi iri-iri, na kuma lura da yawansu ciwona ne yake damunsu: zaman babu wuya, tashin ne sai an taimaka. Ni dai tun daga ranar nan, duk kujerar da ban ga wani ya tashi daga kanta lafiya ba, ko an ce mini bisimilla sai in ce na gode, a miƙo mini tabarma.